Ranar da Baba ya kashe rediyon Ingila

Sallama gare ku, masu jinya da waɗanda jinya ke jira a gaba. Wata huɗu ke nan da binne mahaifina, kuma har yau idan wani ya ce mini “kin yi ƙoƙari” sai in ji kamar in tashi in bar masa wurin. Na rubuta wannan ne saboda wanda yake da tsoho mai ciwon suga a gida, kuma dole ya ja masa ƙofa ya tafi aiki. Ni na yi dabara, dabarar ta yi aiki mako biyar, a na shida ta ci ni.

A gida Uwani ake ce mini, don sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. A unguwar Hindawiyya da ke Jidda aka haife ni. Baba, Malam Isiyaku, daga Sudan ya zo Jidda yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a tashar jiragen ruwa yana duba kayan da ake saukewa. A can ya tsinci Turanci a bakin ma’aikatan jirgi, kuma yana ji da shi ba kaɗan ba. Mu ’ya’yansa Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausa ta cikin gida ce, Turancina kuwa bai wuce na karanta sunan magani ba. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Yayana Bashir yana aiki a Dammam. Ni aurena ya mutu na dawo gida, ina ɗinki a wani mashgal, wato shagon ɗinkin mata, kuma mai shagon ita ce kafilata, wadda ta tsaya mini na samu izinin zama a ƙasar. Idan aikin ya tafi, iƙama, takardar izinin zaman, ta tafi, Sudan ɗin da za a ce mu koma kuwa ana yaƙi, ni ban ma taɓa taka ta ba.

Suga ya riga ya cinye idon Baba shekara biyu kafin wannan. Da makantar mun saba. Yana zuwa banɗaki da kansa, yana gane takun kowa, yana faɗa idan shayi bai ji na’ana’a ba.

Farkon zafin bana, wata safiya, ya nemi karin kumallo sau uku. Na farko na ba shi. Na biyu na ɗauka tsokana ce. A na uku ya ɗaga murya ya ce tun jiya ban ba shi komai ba, sannan ya tashi ya ta da sallar asuba da ƙarfe goma na safe.

A asibiti mun yi awa huɗu a kan kujerun roba da ’yar takardar lamba a hannu. Da aka zo yin hoton kai, sai aka ce a jira amincewar inshora. Saurayin da ke teburin karɓar mutane ko ɗago kai bai yi ba, cewa kawai yake “istanni, ya hala”, wato in jira, kamar na zo karɓar aron tsintsiya. Allah ya saka wa wata nas ’yar Filifin da ta ga Baba yana rawar ɗari cikin sanyin wurin, ta kawo bargo ba tare da an roƙe ta ba. Da yamma likita, wani dattijo ɗan Sudan, ya ce jini ne ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Bai taɓa hannu ba, bai taɓa ƙafa ba, bai taɓa harshe ba. Lokaci kawai ya ɗauke. Baba ya san ni, ya san surorinsa, ya san sunayen jiragen da ya sauke shekara talatin da suka wuce, amma bai san ko safe ake ko yamma ba, bai kuma san ko ya ci abinci ba.

Kwana tara muka yi. Ranar sallama likitan ya zaunar da ni ya nuna mini yadda zan riƙa yi masa allurar insulin safe da yamma, sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini.

“Ya binti, ’yata, suga idan ya hau, a hankali yake ci, shekara da shekaru. Idan ya faɗi, shi muke kira hubuɗ, awa kaɗan ta ishe shi. Kuma babanki ya daina jin alamarsa. Idan kin yi allura, dole abinci ya bi a kan lokaci. Kada ya ƙaru, kada ya yi latti.”

Makon farko a gida na ’yan dubiya ne da shawarwari. Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba da ke zaune a unguwar Kurayyat, ta zo da hulba da habbatussauda da jarkar zamzam, ta ce a yi masa ƙaho a ƙeya. Wata maƙwabciya ta ce a bar allurar gaba ɗaya, ita ce ke kashe ƙoda. Yaya Bashir ta waya ya ce a nemo mai aiki ta zauna da shi, halas, magana ta ƙare. Daga Dammam komai yana da sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mun gwada wata mata kwana biyu, Baba ya ƙi yarda baƙuwa ta zauna masa a ɗaki, ya ce shi bai mutu ba tukuna.

Hutun da aka ba ni yana ƙarewa. Idan na bar masa abinci a kusa, sai ya cinye duka a zama ɗaya, ko ya ci ya manta ya nemi wani, suga ya yi sama. Na saita masa ƙararrawar waya. Ranar farko ya ɗauka ƙofa ake bugawa, ya tashi da sauri, ya yi karo da tebur ya fasa goshi. Kiran salla ma bai taimaka ba, tagogi a rufe, tsohon mukayyif ɗinmu, na’urar sanyaya ɗaki, yana ruri kamar injin niƙa, kunnen Baba kuma ya yi nauyi. Ko da yana ji, daga asuba zuwa azahar ai babu kira. A makon nan na yi kuka a banɗaki fiye da yadda na yi a mutuwar aurena.

Sai Yaya Bashir ya zo duba shi. Ya ga Baba zaune shiru yana fuskantar bango, ya ɗauki tsohuwar wayar da muka bar masa, ya nemo masa wata tashar rediyo ta Ingila ta intanet. Ba a kiɗa a cikinta, magana ce daga safe har dare. Ya ce aƙalla Baba ya samu masu yi masa Turanci tunda ’ya’yansa sun ba shi kunya. Ya ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnensa, a jone da caji, ya koma Dammam.

Kwana uku da haka ina yi masa allurar safe, wani mutum a rediyon yana jero sunayen tekuna da iska a hankali, sai Baba ya ce, “Idan ya gama da masu jirgi, manoma za su shigo.” Na tsaya. Can kuwa sai ga kukan tumaki. Ya ce, “Daga nan sai masu faɗa da ministoci.” Haka aka yi. Mutumin da bai san safe da yamma ba, ga shi yana faɗa mini abin da ke zuwa kafin ya zo.

Na ɗauki takarda da biro na zauna da shi Litinin da Talata da Laraba, yana fassara, ina duba agogo. Suna bayanmu da awa biyu a wannan lokacin na shekara. Bakwai da ’yan mintuna namu, yanayin teku. Kafin takwas, manoma da farashin tumakinsu da kukan rashin ruwan sama. Daga takwas zuwa sha ɗaya, dogon labaran safe, inda ake gayyato babban mutum a hana shi ƙarasa magana. Sha biyu, shirin mata. Daga baya akwai mai karanta littafi kaɗan-kaɗan kullum, da wasan kwaikwayon wani ƙauye wanda Baba ya ce mutanensa sun fi Hindawiyya gulma. Ko minti ɗaya ba sa saɓawa. A kan kowace awa akwai wani ɗan ƙara, tit, tit, tit, da Baba ke bi da yatsa a kan gwiwarsa.

Lokacin zafinsu ne su ma, wai.

“Uwani, zo ki ji ikon Allah. Zafi ya dame su.”

“Wane irin zafi, Baba?”

“Wanda muke saita mukayyif a kai. An ce tsofaffi su sha ruwa, kada a fita da kare da rana. An hana su ba furanni ruwa da tiyo, wani dattijo ya bugo waya kamar zai yi kuka. A kawo su nan su tsaya jiran tasi a Bab Makka minti goma.”

Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin asibiti.

A kan wannan na gina komai. Kwano biyu masu murfi a kan teburin da ke gefen gadonsa. Na farko na ɗaura masa roba don ya gane shi da hannu, gurasa da cuku da dabino biyu. Na biyu abincin rana. Doka ɗaya ce: kwano mai roba idan an gama dogon labarai, na biyun idan mata sun gama shirinsu, sannan ya yi azahar. Saboda tsoron kada ya koma cinye komai a lokaci ɗaya, na yi ta nanata masa kamar mai koya wa yaro karatu.

“Baba, kada ka taɓa sai an gama labarai. Ko ka ji yunwa, ka jira su gama.”

“Sam’an wa ɗa’atan, ya mudira. An ji, an bi, shugaba.”

Baba mutum ne mai riƙe doka. Shekara talatin bai taɓa sa hannu a takardar kaya ba sai ya ga kayan da idonsa. Da ya karɓi wannan, ya riƙe ta gam.

Na koma aiki. Juma’a da Asabar ina gida, ni ke ba shi abinci da hannuna, ba wanda ke kula da abin da rediyo ke cewa. Lahadi kuwa Gwaggo Kulu ce ke zuwa ta wuni, kuma da ta shigo take kashe wayar, ta ce ba za ta zauna cikin surutun Nasara ba, ta kunna musu karatun Alƙur’ani. Litinin zuwa Alhamis, Baba da rediyonsa da kwanukansa. Mako biyar haka. Ina dawowa ƙarfe biyar in tarar kwano biyu fanko, shi kuma yana jira ya ba ni labarin wanda ya saci zuciyar matar wani a ƙauyen can. Likita ya duba awon suga ya ce “mumtaz”, wato ya yi kyau ƙwarai. Na ba kowa labari a mashgal, har ina ba wata shawara ta yi wa surukarta haka. An ce yabon kai jahilci, ni na yi shi da bakina.

Wata Asabar da yamma Gwaggo ta bugo. ’Yarta da ke aure a Madina naƙuda ta kama ta, mota na jiranta a ƙofa.

“Gobe fa, Uwani? Ki roƙi matar nan ta bar ki.”

“Ki tafi abinki, Gwaggo. Allah ya sauke ta lafiya. Abin da yake yi kwana huɗu ai zai yi na biyar.”

Ban ma nemi hutun ba. Lokacin bukukuwan aure ne, rigunan amare sun cika shagon, kuma na riga na ci hutu fiye da ƙima. Amma ba wannan ne ya hana ni ba, kada in yi wa kafilata ƙarya. Ban ga dalilin nema ba ne. A nan Jidda Lahadi ita ce ranar da mako ke farawa, yara su tafi makaranta, hanya ta cika. Tun da aka mayar da hutu Juma’a da Asabar haka na san ta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a wani wuri ranar hutu ce.

Da safe na kunna masa wayar. Mai jero tekuna yana nan kamar kullum, da muryarsa ta kullum. Na yi masa allura, ya ɗan ci abin da ya ci, na jera kwanuka.

“Yau wace rana ce, Uwani?”

“Ranar aiki, Baba. Kamar kullum. Sai an gama labarai.”

“Sai an gama labarai,” ya ce.

Bakwai da rabi na ja ƙofa.

A mashgal wayoyinmu a loka suke zama har hutun azahar. Sha biyu da rabi na kira shi, aka ce wayar a kashe take. Na ce matsalar layi ce. Na kira maƙwabciyarmu, ba ta ɗauka ba. Sannan na yi abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba: na koma kan keke na ƙarasa kalmasar rigar wata amarya, don saura kaɗan. Fiye da awa guda. Sai wajen biyu na ji zuciyata ta ƙi zama, na jefar da almakashi na fita ba sallama.

Na tarar da shi a kan gado, ya jingina da bango, kansa ya faɗo a ƙirji. Jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf da gumi cikin wannan sanyin. Ɗakin shiru, sai rurin mukayyif. Kwano mai roba yana kan cinyarsa, hannunsa a kan murfin. Bai buɗe ba.

Na goga masa zuma a dasashi ina kiran sunansa, ina kiran motar asibiti. Sun zo da wuri, wannan kam na gode musu. A ɗakin masu tsananin ciwo likita ya ce sugan ya dawo, amma ƙwaƙwalwar ta daɗe da yunwa. Ya tambaye ni, “Me ya sa bai ci ba?” Na ce ban sani ba, kuma a lokacin gaskiya na faɗa.

Mako guda ina jin haushin Baba. Yana kwance da bututu a baki, ni kuma ina tsaye a kansa cikin ’yan mintunan da ake ba mu da yamma, ina tambayarsa a zuci me ya kai shi kashe waya. Don kashe ta aka yi, cajinta a cike yake. Ya danne maɓallin gefe har ta mutu, kuma idan ta mutu sai an danna lambobin sirri kafin ta tashi, shi kuwa ba ya gani. Yaya Bashir ya zo ya yi kuka a baranda, ya ce tsufa ne, ruɗewa ce. Gwaggo ta dawo daga Madina ko suna ba ta tsaya ba.

Lahadin da ta zagayo na nemi izini na je asibiti da sassafe, da niyyar in roƙi a bar ni in sa masa rediyonsa a kunne ko zai motsa. Aka ce sai likitoci sun gama zagaye. Na zauna a baranda na sa abin sauraro a kunnena. Mai jero tekuna ya gama. Na jira tumaki. Sai na ji ƙararrawa, manya-manya, suna bugawa a jere. Takwas ta yi, babu masu faɗa da ministoci. Tara ta yi, babu. Bayan goma sai wani kiɗa mai nauyi ya taso, jama’a suka ɗauki waƙa baki ɗaya. Nas ɗin nan ’yar Filifin tana wucewa, na miƙa mata kunne ɗaya na ce mene ne wannan. Ta saurara, ta yi murmushi, ta ce da guntun Larabcinta, “Coci ne. Yau Lahadi, ranar ibadarmu.”

Nan take na gane abin da ya faru. Na san Baba. Zai wuni yana jin gardamar Bature da dariyarsa da gulmarsa, amma ba zai zauna ana waƙar ibadar wani addini a kan matashinsa ba. Ya kashe. Da ya kashe kuma, agogonsa ya tafi, wayar da zan kira shi ta tafi. Ya jawo kwanon ya ɗora a cinya, ya zauna jiran a gama labaran da ba a ma fara ba, saboda ni na ce ya jira.

Kwana ashirin da huɗu ya yi a wannan ɗakin. Da safe ina ɗinka wa amare, da yamma ina tsaye a kansa. Masu inshora suka fara maganar a mayar da shi wani wuri, kullum da takardar da za a sa wa hannu, kamar kaya ne ya daɗe a tasha. Ranakun aiki na sa masa rediyon a kunne sau biyu ko uku. Masu ƙauyen suna ta gulmarsu, yatsansa bai motsa ba. Gwaggo ta ce in ji tsoron Allah in sa masa karatu, na sa. Ranar wata Laraba bayan la’asar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Ga abin da nake so ku ɗauka. Duk dabarar da kuka yi wa majinyaci, ku zauna ku gwada ta kwana bakwai cur da idonku, har da ranar da kuke ganin ba ta da bambanci. Kada agogonsa da wayarsa su zama abu ɗaya. Ku bar mabuɗi a hannun maƙwabci. Kada ku ce wa mai allurar suga “ko ka ji yunwa ka jira”. Idan kun kira ba a ɗauka ba, ku tashi a lokacin, duk abin da ke hannunku.

Rana ta biyu ta zaman makoki na kasa riƙewa. Na bi Gwaggo kicin tana wanke kofunan gahawa, na faɗa mata komai, tun daga ƙararrawa har rigar amarya. Sannan ta goge hannu ta fita falo, ina ji ta ce wa matan da suka cika shi, “Kun san yadda yayana ya tafi? Waƙar coci aka sa masa, ya kashe da hannunsa, ya koma ga Ubangijinsa da yunwarsa.” Falo ya ɗauki kabbara. Aka ce wannan ita ce kyakkyawar cikawa. Mata suka riƙa kama hannuna suna cewa ’yar albarka, Allah ya ba ki masu yi miki. Ban sani ba ko Gwaggo haka ta gani, ko rufa mini asiri ta yi.

Da aka watse ta dawo kicin ta same ni.

“Ni na tafi Madina, ke kika tafi aiki. Idan rabawa za a yi, mu raba biyu, ya ishe mu. Amma kada Bashir ya ji. Shi ya kawo rediyon nan, kada ki ɗora masa.”

Wata huɗu na riƙe. Kullum ya bugo sai ya ce ba abin da zai biya ni da shi, ni na tsaya wa Baba shi yana nesa, ni kuma in ce ba komai. Na gaji da karɓar wannan godiyar. Gwaggo, ki yafe mini.

Yaya Bashir, na san Hausa a rubuce tana ba ka wuya, a hankali kake bi, amma idan ka iso nan to ka sani. Ba ruɗewa ba ce. Rediyonka shi ya ba shi mako biyar na dariya, ba ka da laifi ko ɗaya. Ni ce na ce masa ya jira. Ka kira ni, ko zagi ne zan ɗauka.